Yadda Muka Kai Lason Kawu Mati Ikko

Tun da muka dawo ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a teburin Ɗanjuma ba. Da na zauna sai a kewaye ni. Malam Habu, yaya Ikko? Da gaske ne ba a hango ƙarshen teku? Da gaske mata ke tuƙa mota? Na faɗa na maimaita har muryata ta dishe, kuma kullum sai wani ya iso a tsakiya ya ce a sako masa daga farko. To na gaji. Ga shi nan a rubuce. Wanda bai iya karatun boko ba ya nemi ɗansa da nake koyarwa a aji biyar ya karanta masa, in yaron ya kasa kuma ku tuna ku ne kuke hana su zuwa makaranta ranar kasuwa.

Saboda baƙi da yaran yanzu, bari in fara da Kawu Mati. Yayan mahaifiyata ne, kuma shi ne mai laso na ƙarshe da ya rage tsakanin Gwiwa da Roni. Laso shi ne simintinmu tun kafin siminti ya zo: katsin marina, wato dabɓen da ke kwantawa a ƙasan ramin rini, da gashin da majema ke kankarewa daga fata, da ruwan yauƙin tsiron dafara, a kwaɓa a shafe rufin soro ko cikin rijiya. Waɗannan ukun kowace tsohuwa ta san su. Amma na Kawu akwai abu na huɗu, wanda ke sa shi kamawa ko da bangon rijiya yana tsatsafar da ruwa. Wannan kuwa mahaifinsa ya sa shi ya dafa Alƙur'ani cewa ba zai faɗa wa kowa ba sai ɗansa na cikinsa. Daga baya shi ma ya ƙara nasa wayon. Ya riƙa bin bola yana tsintar tsofaffin takalman roba da robar cikin tayar keke, ya narka ya zuba a kwaɓin. Wasu sun kwaikwaya, robar ta ƙi shiga, ta taso sama ta yi gefe guda. Ta Kawu sai ta narke a ciki, abin ya bushe ya yi tauri amma ba ya tsagewa.

Sai kuɗin mai ya zo. Kowa ya koma siminti da kwano, har wanda ba shi da ƙyauren kirki a gidansa sai ya yi wa dakalinsa siminti. Aikin Kawu ya ja baya, amma wannan bai ci masa rai kamar tafiyar Lawan ba. Lawan ɗansa ne na fari, shi kaɗai ne namiji, kuma abokin wasana. Shekara shida ke nan ya tafi Ikko yana dakon siminti a tashar jiragen ruwa. Kun san gidajenmu masu jinin Fulani da kunyar ɗan fari. Kawu bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce "mutumin nan". Ba ya masa magana ido da ido, balle ya buɗe baki ya ce dawo gida ina bukatarka. Yana dai riƙe da abu na huɗu, yana ganin wata rana mutumin nan zai zo nema.

Wanda ya haddasa tafiyarmu Ikko wani Isa ne, mutumin Roni da ke gadi a wani kamfanin haƙar mai a kudu. Ya zo babbar Sallah da agogo da tabarau, ya zauna a kasuwa yana zuba. Ya ce rijiyoyin mai ma yoyo suke yi, kuma Turawa siminti suke haɗawa da roba su ɗura a gefen bututu su toshe. Ya ce kowane haɗi da takardarsa mai hatimin gwamnati, da sunan wanda ya ƙirƙiro shi, ba wanda ya isa ya kwaikwaya, kuma a Ikko akwai ofishin da ke bayar da ita. Kawu na gefe yana jin sa.

Washegari da hantsi sai ga shi a ƙofar ajina.

"Habu, an ce kai ka fi kowa Turanci a ƙasar nan."

Na ce, "Haka suke faɗa, Kawu." Ban musa ba, don gaskiya ce.

"To za ka raka ni Ikko in karɓo wa laso takardar nan. Ba don rijiyar mai ba, su ji da abarsu. In mutumin nan ya ga gwamnati da kanta ta buga hatimi a sana'ar ubansa, zai san ba wasan laka muke yi ba. Sai ya dawo."

Kawun mutum ba a ce masa a'a. Na jira hutu ya zo, na ari kwat ɗin hedimasta, muka shirya. Kawu ya kwaɓa laso sabo, ya dunƙula curi baƙi kamar kan ɗan akuya, ya busar da shi kwana bakwai, ya naɗe a buzu. Kafin mu tashi gari ya ɗauka cewa gwamnati ce ta aiko a kira shi ya toshe rijiyoyin mai, kuma da marsandi zai dawo. Mutanen da suka shekara ba su gaishe shi ba suka zo rakiya suna kiransa Injiniya. Ni kuma aka cika min aljihu da saƙo: wannan rediyo, wannan atamfa, wata tsohuwa ta ce in ɗebo mata ruwan teku a kwalba don ciwon gwiwa.

Daga Gwiwa zuwa Kazaure a bayan a-kori-kura muka zo, tsakanin buhunan gyaɗa da wani rago da ya ɗauki kwat ɗin hedimasta a matsayin abinci. Daga nan zuwa Kano ba wani labari. A Kano muka shiga jirgin ƙasa, taragon talakawa, inda tikiti ke ba ka izinin shiga amma wurin zama sai ƙarfinka. Kusa da mu wata Bayarabiya ce 'yar Ilori mai fataucin albasa, ana ce mata Iya Sikira. Hausarta ta fi ta wasu ɗalibaina. Kafin mu kai Zariya ta san sunan matata, da yawan 'ya'yana, da dalilin da ya sa ban yi ƙiba ba. Ta tambayi Kawu abin da ke cikin buzu, ya ce kayan sana'a ne. Ta ce wace sana'a, ya juya ya kama kallon taga.

Bayan Minna jirgi ya tsaya a dokar daji, ba tasha ba gari, muka yi rabin wuni. Ba wanda ya yi mana bayani, ba kuma wanda ya tambaya. Mutane suka sauka suka yi salla, wasu mata suka hura wuta suka dafa shinkafa a bakin layin dogo, wani wanzami ya shimfiɗa tabarma ya yi aski huɗu. Da jirgin ya ga dama ya yi kuka ya tashi, kowa ya biyo shi a guje, na ƙarshen askin ya shigo da rabin kai.

Jebba ita ce iyaka ta gaskiya, ko da ba a rubuta ba. Nan ake ƙetare kogin Kwara, nan kuma sojoji suka shigo bincike. Ni da nake shiga ƙasar Nijar ta Babura in ci kasuwa da sefa in dawo ba wanda ya ce min daga ina, sai ga shi a cikin ƙasata ana zazzage min jaka. Wani kofur ya kwance buzun Kawu, ya ɗaga curin, ya sansana.

"Baba, mene ne wannan?"

"Laso."

"Me da me ke ciki?"

Kawu ya ce, "Uku zan faɗa maka. Na huɗu ba zan faɗa ba."

Na fara bayani da Turanci, kofur ya ce in rufe masa baki. Ya zaro wuƙar bindiga ya caka wa curin, wuƙar ta zame. Ya buga shi da ƙasa, curin ya yi tsalle ya dawo ya bugi ƙafarsa. Ya ce mu sauka mu bi shi. Sai Iya Sikira ta kira shi ta yi masa wata 'yar magana da Yarabanci a hankali. Nan take ya ajiye curin a kan buzu da hannu biyu, ya goge tafinsa a wando, ya wuce tarago na gaba. Sai da muka ƙetare gada na tambaye ta me ta ce masa. Ta ce, ta faɗa masa tsohon nan boka ne, kuma duk namijin da ya fasa curin nan shi da iyali sai dai gaisuwa. Na yi dariya har da hawaye. Kawu kuwa ransa ya ɓaci, ya ce shi da ya yi shekara hamsin a sahun farko ne za a mayar boka, bai ƙara kula ta ba har ta sauka.

Ikko ba gari ba ne, kasuwa ce da aka manta a tashi. Daga tashar jirgi muka shiga wata doguwar bas rawaya wadda ba ta tsayawa, sai dai ta rage gudu ka yi ta kanka. Na yi wa kwandasta Turancin da na ci jarrabawa da shi, ya dube ni ya tambayi na kusa da shi wane yare nake yi. Na ji kunya ƙwarai, don Kawu na kallo. A Agege muka sauka, gidan Alhaji Garba mai goro, mutumin Kazaure da ya yi shekara talatin a can. Ya karɓe mu da mutunci, ya ba mu ɗakin da yake ajiyar kwandunan goro, don haka duk zamanmu ƙamshin ganyen goro muke yi.

Al'adunsu sai ka gani. Za ka yi wa mutum sallama a hanya ya dube ka kamar ka nemi aron wandonsa, amma ƙato mai gemu in ya hango tsohuwarsa sai ya zube rub da ciki a kan kwalta. Mata ke riƙe da kasuwa, kuma in suna hirar arziki sai ka rantse faɗa suke yi. Abin da ya fi ɗaure wa Kawu kai ruwa ne. Ya leƙa rijiyar gidan Alhaji ya ga ruwa a kamu huɗu, ya ɗanɗana ya tofar. Ya ce bai taɓa ganin garin da ruwa ya kewaye ta ko'ina, sama na zubowa ƙasa na tsatsafowa, amma na sha sai an saya ba. Abinci kuwa, teba ce da miyar manja mai barkonon da ke sa kunne ƙara. Rana ta biyu na ci wani nama mai ɗan tauri na yaba, na ce ƙodar kudu ta fi tamu daɗi. Yaran gida suka fashe da dariya, ashe dodon koɗi ne. Kawu bai yarda ya shiga wannan caca ba, garin kununsa da ƙuli-ƙulinsa ya zo da su daga gida.

Tun ranar farko na ce mu je mu ga Lawan. Kawu ya ce a'a, sai takarda ta zo hannu.

Kwana uku muka yi muna neman ofishin. Rana ta farko aka tura mu inda ake rajistar kamfani, magatakarda ya tambaye mu sunan daraktocinmu. Rana ta biyu muka sami ginin, masinja ya ce mai sa hannu ya tafi jana'iza, mu dawo gobe. Wani da muka tarar a benci ya ce shi wata biyu ke nan yana zuwa yi wa sunan sabulunsa rajista, kuma jana'iza ta uku ke nan. Rana ta uku muka yi sammako. Ofishin yana hawa na bakwai. Kawu ya ga akwatin nan da ke ɗaukar mutane sama, ya ga ƙofa ta rufe da mutane ta buɗe babu su, ya ce shi ba ya shiga abin da ba shi da igiya a hannunsa. Muka bi matakala. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana hawa da sauka a rijiya, ya kai sama bai ko yi haki ba, ni kuwa a hawa na biyar na cire kwat na zauna.

Da aka shigar da mu wurin shugaban sashen, sai muka tarar mace ce, Bayarabiya mai furfura kaɗan da tabarau, kowa na ce mata Madam. Kawu ya tsaya yana waige yana neman maigidan. Na raɗa masa cewa ita ce. Ita kuwa ta miƙe ta ɗan rusuna masa, ta sa aka kawo masa kujera. Gaskiya ita kaɗai ce a Ikko ta fahimci Turancina ba tare da na maimaita ba, don haka na san mai ilimi ce.

Na yi mata bayani. Ta juya curin a hannu, ta ƙwanƙwasa, ta nutsa farce. Sai ta aiki masinja ya samo gutsuren bulon siminti, ta buɗe taga ta leƙa bayan ginin ta ga ba kowa, ta sake su su biyun. Muka leƙa. Simintin ya tarwatse ya zama tsakuwa. Curin Kawu ya yi tsalle biyu ya gangara ƙarƙashin wata mota. Da masinja ya hawo da shi, ko tsaga babu. Madam ta cire tabarau ta dubi Kawu da kyau, ta ce in faɗa masa ta karanta ilimin haɗa sinadarai a jami'a, kuma sa roba ta zauna lafiya cikin abin da ba jinsinta ba aiki ne da manyan kamfanoni ke kashe shekaru a kai. Na fassara, na ɗan ƙara gishiri. Kawu ya gyara zama, na ga haƙoransa a karo na farko tun Kano.

Ta ɗauko wasu manyan littattafai ta buɗe mana. Duk takardun ƙirƙira ne na mutanen ƙasashen waje: wannan ya haɗa roba mai tauri da mai laushi don kada ta fashe, wancan ya zuba ruwan roba a siminti don toshe gefen rijiyar mai. Ga zane, ga awo, ga komai. Kawu ya tambayi zurfin rijiyar mai gaba nawa ne. Ta ce dubbai, kuma can ƙasa akwai zafin da ita ba ta san ko laso zai jure ba sai an gwada.

"To wa ke shiga ya shafe?"

Ta ce ba mai shiga, da famfo ake turawa.

Kawu ya ce, "Ashe ba rijiya ba ce. Rami ne."

Sai aka zo kan fom. Ta ce tambaya ta farko, wa ya ƙirƙiro? Kawu ya ce mahaifinsa, shi kuma ya ƙara roba. Ta ce abin da aka yi tun zamanin mahaifinsa ba sabo ba ne, doka kuwa sabon abu take karewa. Ta ce robar fa, ya taɓa amfani da ita a bainar jama'a? Kawu ya ɗauka yabo ake nema, ya fara lissafo rijiyoyi daga Roni har Kanya Babba, ina taka masa ƙafa yana janyewa. Madam ta ce wannan ma matsala ce, amma lauya zai iya duba ko da mafita, tun da ba wanda ya san yadda ake haɗin. Sai dai sharaɗi na ƙarshe ba makawa: dole a rubuta komai, kowane abu da awonsa, yadda duk mai sana'ar da ya karanta zai iya yi. Kuma takardar a buɗe take, kowa na iya zuwa ya biya ya karanta.

Na fassara. Kawu ya ce in sake. Na sake.

"Tambaye ta, in kowa zai karanta, to me na zo karewa?"

Ta ce gwamnati za ta hana kowa yin irinsa har shekara ashirin, daga nan ya zama na kowa.

Kawu ya ce, "Faɗa mata ni ba gwamnati ba ɗan sanda na riƙe shi shekara arba'in."

Ban fassara wannan daidai ba. Na juya na roƙe shi da Hausa, na ce Kawu mu rubuta ukun da roba mu bar na huɗun, wa zai sani? Ya ce wato in yi wa gwamnati ƙarya ta buga min hatimi a kai, in kai wa mutumin nan? Na ce to a rubuta duka, ai saboda Lawan ne. Ya ce, "Habu, Alƙur'ani na dafa." Wallahi haushi ya kama ni. Na tuna ragon Kazaure, da kofur, da dodon koɗi, da hawa bakwai, duk a kan kalma ɗaya da tsohon nan ya ƙi furtawa. Amma na san shi, na ja bakina. Madam ta gane ba sai an fassara mata ba. Ta naɗe masa curin a buzu da hannunta, ta raka mu har bakin matakala, ta ce in faɗa masa da ita ce shi, ita ma ba ta san abin da za ta zaɓa ba.

Washegari muka tafi tashar jiragen ruwa hannu wofi. Nan na ga teku, ga masu tambaya: e, ba a hango ƙarshenta. Amma ba ita na kalla ba. Jirage ne jere a kan ruwa har inda ido ya tsaya, aka ce mana yawancinsu siminti ne, sun yi watanni suna jiran layin sauke kaya, har na wasu ya sha danshi ya daskare a cikin jirgin. Kawu ya daɗe yana kallo, ya ce ashe shi ma simintin bai san inda ya dace ya kama ba.

Da azahar leburori suka fito hutu, duk sun yi fari fat har gira. Da ba don tafiyarsa ba da ban gane Lawan ba. Na tare shi na ce, "Kai, wa ya tono ka?" Ya yi dariya ya kai min duka, sai ya hango mahaifinsa a inuwar katanga. Dariyar ta ɗauke. Ya cire hula ya je ya durƙusa nesa kaɗan, ya gaishe shi kansa a ƙasa. Kawu ya amsa yana kallon wani jirgi.

Daga nan na koma aikin da aka ɗauko ni, tafinta, sai dai wannan karon daga Hausa zuwa Hausa.

Kawu ya ce, "Habu, faɗa wa mutumin nan mun zo neman takarda ba mu samu ba."

Lawan ya ce, "Malam, faɗa wa Baba na ji labari wurin mutanen Agege. Allah ya sa haka ne mafi alheri."

"Faɗa masa idona ya fara rauni. Bara da aka zura ni rijiya sai na kasa ganin tsagar da ke gabana."

"Allah ya ƙara lafiya."

Kawu ya murza bakin buzu, ya sake murzawa. Sai ya ce, "Faɗa masa ya matso kusa. Kai kuma ka ba mu wuri. Akwai abin da kakansa ya bar masa, na gaji da riƙo."

Na yunƙura zan tashi, Lawan ya kama gefen wandona. Bai ɗago kai ba.

"Malam, zauna. Faɗa wa Baba ya yafe ni, na san abu na huɗun. Tun ina shekara goma sha biyu nake bin sa a ɓoye zuwa bayan dutse inda yake saro shi. Na san awonsa, na san lokacin da ake zubawa. Na taɓa kwaɓawa da kaina na shafe tulun Inna da ya tsage, har yau tana amfani da shi." Sai ya ƙara da cewa, "Ba rashin sani ne ya kawo ni nan ba. Shiga rijiya ne ba na so. Kullum aka zura ni sai in ji kamar an rufe ni da rai. Ba zan iya ba, kuma ba zan dawo in yi masa ƙarya ba."

Ban fassara ba. Ba abin fassarawa, a gabansa aka faɗa. Na dubi Kawu, tausayinsa ya kama ni har na ji kunyar fushin da na yi jiya. Can ya ce, "Tambaye shi, tulun nan baƙi na bayan ɗaki?" Lawan ya ce shi ne. Kawu ya gyaɗa kai ya ce, "Na ɗauka ni na shafe shi na manta. Aikin ya yi kyau." Aka busa usur ɗin komawa aiki. Lawan ya sake durƙusawa, Kawu ya sa masa albarka yana kallon katanga, muka rabu.

A jirgin dawowa taga ya yi ta kallo har muka wuce Ibadan, muka wuce Ilori. Ni kuma ban takale shi ba. Sai da muka ƙetare gadar Jebba da safe ya ce, "Habu, kana da biro?"

Na ce ina da shi.

"Rantsuwata ita ce kada ya fita sai ta hannun ɗana. Ya riga ya isa hannunsa, na sauke. Rubuta."

Na yage takarda daga littafin shirin darasi, na ɗora a gwiwa. Ya faɗa min duka, ukun da kowa ya sani, da robar, da na huɗun, da awo, da yadda ake gane wuta ta yi. Shafi ɗaya da rabi ne kacal. Ya sa na karanta masa sau biyu, ya gyara min wuri ɗaya. Sannan ya ce in ajiye a wurina, in sanar a masallacin Juma'a da kasuwa, duk wanda ya zo da ƙafarsa yana son koyo in ba shi ya kwafa, shi kuma zai nuna masa da hannu muddin yana gani.

Na sanar a Gwiwa, na aika Roni da Yankwashi, har Babura na ba direbobi saƙo. Waɗanda suka raka Injiniya da suka ga ba marsandi sun koma kiransa Mati. Takardar tana cikin akwatina, wata huɗu ke nan. Ranar Laraba da ta wuce wani saurayi ƙaƙƙarfa daga Roni ya yi min sallama, ya ce an ce ina da wata takarda da ta shafi gidan Kawu Mati. Na shiga ɗaki da sauri har ina tuntuɓe, na aiki a kira Kawu, ya zo da sandarsa ya zauna a dakali yana gyara hula. Na miƙa wa saurayin takardar. Ya juya ta gaba da baya, ya miƙo min, ya ce a'a Malam, ba wannan ba, adireshin Lawan yake so, an ce ana ɗaukar masu dako.